Amsa: Sai an naɗa mutum kafin ya yi hidima?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sai an naɗa ka fasto kafin aikinka ya zama hidimar Ubangiji. Ko kusa. Duba Tabita a Ayyukan Manzanni 9: ba a ce ta taɓa yin wa'azi ba, ɗinki take yi tana taimakon matalauta. Da ta rasu, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka. Akila da matarsa ma masu ɗinkin tanti ne, amma su suka ja Afolos mai wa'azi gefe suka ƙara masa haske kan hanyar Allah. Ni dai na fi ganin hidima wajen mai kwana a gefen marar lafiya, yana gyara masa matashi, ba yawan magana. Baftisma da Jibin Ubangiji kam, bi tsarin ikilisiyarku.