Ƙanƙarar asali da ƙanƙarar dashe

Ka ce: "Maigida, ta yaya zan gane bindigar sojan Amurka mai ƙanƙara ta asali, tunda kowa ya kawo tasa sai ya rantse ba a taɓa ta ba?" Da wani abu ka tambaya da na ce je ka share shago. Amma wannan ta fama mini tsohon miki.

Ba zan tsaya koya maka zura sandar ɗuri don ka ga ko akwai albarushi a ciki ba. Ɗan mafarauci mai bindigar toka ma ya san wannan.

Ka fara sanin inda cutar ta samo asali. Ƙanƙara dai ita ce ɗan dutsen da ke ƙyasta wuta ya kunna albarushi. Tsofaffin bindigogin ɗuri na sojan Amurka, irin samfurin 1803 na maƙerar gwamnati ta Harpers Ferry da samfurin 1817, duk da ƙanƙara suke tashi. Daga shekarun 1840 soja suka koma amfani da 'yar hular jan ƙarfe da ake kifawa a kan nono, wato ɗan tsinin ƙarfe mai huda da ke kai wuta cikin bututu, aka bi dubban tsofaffin aka juya su zuwa masu hula. Waɗanda suka tsira da ƙanƙararsu kaɗan ne, su ne masu tsada. Shi ya sa 'yan damfara ke ɗaukar juyayyiya su sake mayar da ita mai ƙanƙara.

Irinta wani dillali ya kawo shagon nan, samfurin 1817, aikin Henry Deringer na Filadelfiya. Gwamnati ba ta ƙera wannan samfurin da kanta ba, kwangila ta bayar, shi da wasu maƙera, su Starr da North da Johnson na garin Middletown. Komai ya zauna daidai: bututu inci 36, faɗin baki .54, zobba uku, akwatin ƙyalle na ƙarfe mai siffar ƙwai a jikin ƙota, hatimin mai duba kaya a katako. Duk waɗannan na gaskiya ne, kuma su suka rufe mini ido. Mutumin ya zo dab da magariba, yana ta duba agogo, wai wani mai saye na jiransa, kuma ya ƙi a kwance ko ƙusa ɗaya, wai kada a ɓata kan ƙusoshin. Aka biya shi kuɗin bindiga biyu.

Da gari ya waye aka cire farantin wuta, wato ƙarfen gefe da ke ɗauke da ƙanƙara, sai asiri ya tonu. Lokacin da aka juya ta, an faɗaɗa hudar wuta ta gefe, an yanka mata zare, an ɗaura ɗan ganga mai ɗauke da nono. Shi kuma macucin ya cire gangan, ya toshe ramin da guntun ƙarfe, ya goge, ya huda sabuwar ƙofa, ya shafa ruwan gishiri ya bari tsatsa ta hau. A hasken rana, da gilashin ƙara girma, ga da'irar toshin nan zagaye da hudar kamar zobe. Hudar kanta tsaf, bakinta da kaifi. Wadda wuta ta yi shekaru tana fita ta cikinta bakinta ya cinye, ya yi faɗi, ba ya zama da'ira sosai. Kaskon tagulla kuwa, inda ake zuba ɗan albarushin kunnawa, na wata bindiga ne, an daddage shi da magagari, har ana iya zura takarda tsakaninsa da bututu. Kasko na asali manne yake, don in da tsaga albarushi zai zuba cikin farantin. Da ƙyar aka sayar da ita rabin abin da aka biya, shi ma sai da na faɗa wa mai saye gaskiya. Dillalin har yau ban sake sa shi a ido ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, shaidar tana waje tun a daren. Hular nan gubarta na cin ƙarfe, tana barin ƙananan ramuka kamar zanzana a gindin bututu, tana kuma ƙona katakon da ke bayan nono. Ƙanƙara ba ta barin irin wannan tabo a wurin. Ka ga zanzana a nan, ko ka ga an goge wurin ya fi sauran santsi har haruffan hatimi sun dusashe, to ajiye ta.

Akwai wata hanyar juyi da maƙerun gwamnati suka fi yi, musamman wa samfurin 1816 mai santsin ciki: a huda saman bututu kusa da gindi a ɗaura nono kai tsaye, a yanke kasko a cike gurbinsa da tagulla. Mai mayar da irin wannan dole ya cike ramin sama da walda, kuma walda ba ta ɗaukar launi ɗaya da tsohon ƙarfe. Zura 'yar kyamara ta baki har ƙasa, za ka ga tabon daga ciki. Sannan juya farantin ka duba alamomin da mai haɗawa ya buga a ƙananan sassa. Baƙon sashe ba zai zo da alamar 'yan uwansa ba.

Ku yaran yanzu hoto biyu a waya ya ishe ku yanke farashi. Jiya ma na gan ka riƙe da samfefa kana hararar wata bindiga samfurin 1861 ta maƙerar Springfield. Ka kuskura ka goge ta, ka share hatimin V da P da kan mikiya da aka buga a gindin bututu, daga aljihunka za ka biya. Mai kaɗan da tsumma, shi ke nan.

Kuma juyayyiya da aka bari yadda soja suka bar ta ba abin raini ba ce, da yawa da ita aka shiga yaƙin basasar Amurka a 1861. Saye ta a farashinta, kada ka taɓa ta. Duk wanda ya hana ka cire ƙusoshi biyun da ke riƙe da faranti, ko ya zo bayan la'asar sakaliya, ce masa maigida ba ya nan, ya dawo da hantsi.