Amsa: Injin dizal na jirgin ruwa mai tafiya da iska yana wahalar tashi da sanyin safiya

Malam, ka ce sai ka yi ta murza makulli da safe kafin ya kama, amma in ya ɗumama lafiya lau. Fara da batir: cikakke yana nuna bolt 12.6. In sitata na juyawa a kasalance, iskar cikin silinda ba za ta yi zafin da zai kunna mai ba.

Sai ka kalli salansa. Farin hayaƙi na nufin mai yana isa amma bai ƙone ba, a duba hita (abin da ke ɗumama silinda kafin a tayar da injin) ko ƙarfin matsin iska a cikin silinda. In babu hayaƙi sam, mai ne ba ya isa, wataƙila iska ce ta shiga layin mai, a fitar da ita daga filta.

Don Allah in za ka daɗe kana gwadawa, rufe bawul ɗin ruwan teku da ke sanyaya injin, kar ruwa ya taru a salansa ya koma cikin injin. Da ya tashi ka buɗe shi nan take.