Amsa: Rubuta ƙagaggen labari a zamanin Littafi Mai Tsarki

'Yar'uwa, kin tambayi yadda za ki gina labari a kan zamanin Yesu ba tare da kin taɓa nassi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ki ƙirƙiro jaruminki a gefe, wani masunci a Kafarnahum ko baiwar gidan babban firist, ki bar mutanen nassi su faɗi abin da aka rubuta kawai. Da zarar kin sa wa Yesu sabuwar magana a baki, masu karatu za su fara tuhumarki.

Inda marubuta suka fi tuntuɓe shi ne abinci da kuɗi. Babu tumatir, masara, dankali ko tattasai a ƙasar da Yesu ya rayu a wancan zamani, duk daga nahiyar Amurka suka fito bayan 1492. Ki sa musu gurasar sha'ir, kifi, zaitun da ɓaure. Dinari guda ladan leburan yini ne (Matiyu 20:2), da shi za ki auna farashin komai. In kuwa kika koma zamanin Yusufu ɗan Yakubu, ba a fara buga tsabar kuɗi ba tukuna, azurfa ake aunawa da shekel, wato ma'aunin nauyi.

Ki lura da ƙasar ma. Daga Urushalima zuwa Yariko kusan kilomita 27 ne, gangara zalla ta kusan mita 1,000, shi ya sa nassi ke cewa "gangarawa". Asabar kuma, wato ranar hutun Yahudawa, da faɗuwar ranar Juma'a take farawa, kada jarumin ya ci kasuwa a daren.

Sunaye kuwa, ki riƙe fassarar Hausa guda ɗaya: in Bitrus ne, Bitrus har ƙarshen littafi.