Ga ɗan'uwan da ke son ɗaukar yaron kula da ragunan layya

Assalamu alaikum. Malam, wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi shiru. Ka ce shekara uku kana kawo raguna kai kaɗai, bana ka ƙara yawa har aikin ya fi ƙarfinka, kana tambaya ko ka ɗauko yaro daga gida ko ka nemi na nan Legas, kuma albashi za ka yanka masa ko la'ada. Tambayar da ban yi wa kowa ba ke nan a 2023, na kuwa ji a jikina.

A shekarar aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, Sallah ta kama 28 ga Yuni. Kafin kaya su sauka, kuɗin mota ya cinye rabin abin da na lissafa. Na kawo guda 40, Balami da Uda da 'yan Yankasa don masu ƙaramin ƙarfi, na kafa rumfa a Agege. Yayata ta roƙe ni in taho da ɗanta, wai yana zaune ba aikin fari ba na baƙi. Na ce to. Ba mu yi maganar ko sisi ba. Ta yaya zan zauna ina ciniki da ɗan yayata?

Saura kwana huɗu Sallah na kai wa wani Alhaji raguna biyu Idi-Araba, cunkoso ya riƙe ni, dare ya yi, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Kun san ruwan Yuni a garin nan. Na kira yaron ya fi sau goma, waya a kashe. Da asuba na iso na tarar tamfol ya faɗi, raguna tsaye cikin ruwa suna rawar sanyi, harawa ta jiƙe, buhunan dusa sun kumbura. Shi kuwa yana can wajen abokansa a Mile 12. Biyu suka mutu kafin azahar, ɗaya Balami ne babba da na riga na karɓi kafin alƙalaminsa. Da na ƙirga kuma uku babu. Biyu ya sayar, kuɗin ya shiga asusunsa. Na ukun wani ya nuna masa alat na bogi ya ja rago ya tafi.

Na tsayar da shi a gaban mutane, jikina na ɓari. Ya dube ni ya ce, "Kawu, ai ba ka ce za ka biya ni ba, haƙƙina na ɗauka." Har yau maganar nan tana mini ciwo. Yaron da na goya a wuyana. Abin da ya fi ci mini rai kuma, akwai gefen da yake da gaskiya, sati biyu yana kwashe kashi yana ɗebo ruwa bai san me zai koma gida da shi ba. Yayata har yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Don Allah, ko wa za ka ɗauka, ku zauna gaban shugaban 'yan kasuwar wurin da shaidu biyu, a faɗi kuɗin da baki, a rubuta. Aikin nan sati uku ne ko huɗu, kada ka ce albashin wata. Ni yanzu kuɗin abinci kullum nake bayarwa, sai ƙayyadadden abu kan kowane ragon da ya fita, sai kuɗin motar komawa idan baƙo ne. A faɗi inda zai kwana. A faɗi wa zai ɗauki asara idan sakaci ne. Kuma ka biya shi ranar da kuka yi, kafin guminsa ya bushe, kada ka ce sai bayan Sallah ka tattara bashi.

Kuɗi kada ya bi ta hannunsa, asusu ɗaya, naka, kuma rago ba ya barin turke sai ka buɗe manhajar banki ka gani da idonka. Ka sa wa kowane rago lamba da fenti, a ƙirga safe da magariba.

Ka ɗaga ƙasan rumfarka da katako ko yashi ma, wannan ba maganar yaro ba ce amma asarar ɗaya ce. Masu zuwa karɓar kuɗin wuri kuma kada ka bar sabon yaro ya yi musu da su, ba ya jin Yarabanci, faɗa kawai zai jawo maka.

Ni dai na nan nake ɗauka yanzu, wanda ya taɓa aiki a kasuwar dabbobi ta Kara ko ta Alaba Rago kuma akwai dattijon da zai tsaya masa. Idan mahaifiya ta matsa sai ɗan gida, ka ɗauka, amma ta ji kuɗin da sharuɗɗan da kunnenta tun kafin ya hau mota. A ina za ka kafa bana? Idan wajen Agege ne ka yi mini magana, akwai yara biyu da suka yi mini aiki bara ban ga ha'incinsu ba.