Tambaya da Amsa: Me Ake Nufi da "Hang Out" a Turanci?

Tambaya: Malam, ina yawan jin 'yan makarantarmu suna cewa "let's hang out", alhali an koya mana cewa "hang" na nufin ratayewa. Me ya haɗa rataya da zaman hira? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, abin da aka koya miki daidai ne, shi ya sa Baturiyar da ta shanya wanki a igiya za ta ce "I hung out the washing". Amma a maganar yau da kullum, musamman a Amurka, ana nufin zama da abokai ba don wani aiki ba, irin zaman da samari ke yi a bencin mai shayi bayan sallar isha'i, ana ta taɗi har dare ya raba. Idan mutum za a ambata sai a ce "hang out with", idan wuri ne kuma "hang out at". Wurin da aka saba haɗuwa, wato majalisa, shi ake kira "hangout", kuma wannan sunan Google ya ba manhajarsa ta hira da ya fitar a 2013.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na masu cewa "hanged out" ga abin da ya wuce. "Hung out" ake cewa, domin "hanged" ta wanda aka kashe ta hanyar rataya ce. Sannan kada ki saka wannan magana a wasiƙar neman aiki ko a jarabawa. A can "spend time with" ta fi dacewa.