Mazubi da ƴan uwansa: wace kalma ta dace da wane abu?

Malam, ka tambayi ma'anar "mazubi" da kalmomin da ke iya maye gurbinsa. Asalinsa daga "zuba" ne: duk abin da ake zuba ruwa, hatsi ko mai a ciki, jam'insa mazubai. "Maɗauki" kuwa na ɗaukar kaya ne daga wuri zuwa wuri, amma a kula, a rubuce ɗaya yake da mutumin da ke ɗaukar, karin murya da zancen ne ke raba su. "Mariƙi" ba mazubi ba ne, hannun da ake kama abu da shi ne, kamar na bokiti.

Sai dai Bahaushe bai cika cewa "mazubi" a kasuwa ba. Shiga Kasuwar Dole ta Damagaram ka ce a ba ka mazubin ruwa, sai a ce: wane iri? Randa ta girke ce, bakinta faɗi, ba a yawo da ita. Tulu wuyansa ƙunci, don kada ruwa ya fantsama a kan gammo. Irin na garin Mirya, kusa da Damagaram, idan ya yi zufa a inuwa, ruwansa sanyi ƙalau. Salka fatar akuya ce ta matafiya. Bido mai lita 25 shi ya mamaye layin famfo yanzu, Kanawa jarka suke ce masa.

Na busassun kaya: buhu, kwando, taiki na fata, da mangala da ake ɗora wa jaki gefe biyu, wadda in ba a daidaita nauyinta ba sai ta karkace ta zube. Tiya fa ma'auni ce, ko da ana zuba gero cikinta.