Da gaske ne Juventus aron riga ta yi daga wata ƙungiya a Ingila?

Tambaya: Malam, musu ne ya kaure tsakanina da wani abokina. Ya ce rigar Juventus mai ratsin baƙi da fari aro ce daga wata ƙaramar ƙungiya a Ingila, wai kuma ƙungiyar ta girmi Manchester United da Arsenal da Liverpool. Ni dai ban taɓa ganinta a Firimiya ba. A raba mana gardama.

Amsa: Malam, sai dai ka yi haƙuri, abokinka ne da gaskiya. Ƙungiyar da yake nufi ita ce Notts County ta birnin Nottingham, wadda aka kafa a 1862. Manchester United ta zo a 1878, Arsenal a 1886, Liverpool a 1892. Kai, hatta hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, FA, ƙanwarta ce, domin sai a 1863 aka kafa ta. Sheffield FC ta 1857 ta riga ta, amma ita ba ta shiga sahun masu biyan 'yan wasa albashi ba, shi ya sa ake kiran Notts County mafi tsufa a ƙungiyoyin ƙwararru. Tana cikin ƙungiyoyi 12 da suka fara gasar lig ta Ingila a 1888.

Batun riga kuwa, da aka kafa Juventus a Turin a 1897, riga ruwan hoda take sakawa. Yadda ake ba da labarin, wanki ne ya dinga kodar da launin, sai aka roƙi wani ɗan Ingila da ke cikin ƙungiyar, John Savage, ya nemo musu wasu riguna daga gida. Abokin da ya tura wa saƙo a Nottingham ɗan gani-kashe-nin Notts County ne, don haka ya aiko da irin ta ƙungiyarsa. Tun 1903 Juventus ke cikin baƙi da fari. Ba ta kuma manta alheri ba: ranar 8 ga Satumba 2011, da za ta buɗe sabon filinta, ba ta gayyaci Real Madrid ko Barcelona ba, sai Notts County da ke rukuni na uku a lokacin. Luca Toni ya fara ci wa Juventus, Lee Hughes ya farke wa Notts County ana dab da tashi, aka tashi kunnen doki 1-1. Launin baƙi da farin nan ne ya sa ake wa 'yan Notts County laƙabi da Magpies, wani tsuntsu ɗan uwan hankaka.

To me ya hana ka ganinta a Firimiya? Ƙiris ya rage. Neil Warnock ya hau da ita rukuni biyu a jere, 1990 da 1991, ta kai na farko, sai ta faɗo a 1992, daidai lokacin da aka ƙirƙiro Firimiya da kuɗin talabijin ɗinta. Ana shirin raba nama, aka ce ta tashi daga kan tabarma. A ganina babu faɗuwar da ta fi wannan yi mata illa.

Babban kofinta guda ne, kofin FA na 1894, inda ta lallasa Bolton Wanderers da ci 4-1, Jimmy Logan ya zura uku shi kaɗai. Daga rukuni na biyu ta ɗauke shi, abin da babu wanda ya taɓa yi kafin ita. A 1947 ta sake ba mutane mamaki: tana rukuni na uku ta sayi Tommy Lawton, ɗan wasan gaban Ingila, daga Chelsea kan fam 20,000, kuɗin da ba a taɓa biya kan ɗan wasa ba a Birtaniya. Jimmy Sirrel kuma, wanda ya karɓe ta a rukuni na huɗu a 1969, shi ya kai ta na farko a 1981, shekarar da ta ɗauko ɗan Najeriya John Chiedozie daga Orient.

Abin da ke ƙona wa magoya bayanta rai yana tsallaken kogi. Daga filinsu na Meadow Lane, inda suke tun 1910, ana hango filin Nottingham Forest, kogin Trent ne a tsakani. Forest ƙanwa ce, 1865 aka kafa ta, amma ita ta ɗauko kofin Turai sau biyu, 1979 da 1980. Ka yi tunanin zama maƙwabcin gidan biki, kana jin kiɗa ta katanga.

A 2009 wasu masu zuba jari suka zo da romon baka. Aka kawo Sven-Göran Eriksson, tsohon kocin Ingila, aka ɗauko Sol Campbell, wanda ya buga wasa ɗaya tak ya tattara kayansa. Ashe kuɗin da aka yi alkawari babu su. Duk da haka ƙungiyar ta lashe League Two, wato rukuni na huɗu, a 2010, Kasper Schmeichel na tsaron raga.

A 2019 Swindon ta doke ta 3-1 a wasan ƙarshe, ta fice daga lig ɗin da ta taya kafawa, bayan shekara 131. Wasu 'yan uwa biyu daga Denmark, Alexander da Christoffer Reedtz, suka saye ta. A kakar 2022-23 ta tara maki 107, Macaulay Langstaff ya ci ƙwallo 42, amma Wrexham ta tara 111 ta ɗauke gurbin haurawa kai-tsaye. Sai da aka je Wembley, aka kai ga bugun fenariti da Chesterfield, sannan ta koma League Two a watan Mayun 2023.